Mahaɗar ƙarafa: sirrin da ke riƙe da ajiyar kwamfuta

Galibin tsofaffin kwamfutocin da ake aiki da su a ofisoshi da shagunan buga takardu na Madawa, Buza da Keita suna ajiye bayanai a kan faifai mai juyawa. Ɗan kan da ke karanta faifan ya samo asali daga wani bincike na shekarar 1988, wanda Albert Fert a Orsay ta ƙasar Faransa da Peter Grünberg a Jülich ta ƙasar Jamus suka yi, kowa a gefensa. A 2007 suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar fizik.

Abin da suka gano, wanda ake kira GMR a taƙaice, shi ne: idan aka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da na kurom, ɗaya bisa ɗaya kamar tabarmi a kasuwar Madawa, maganaɗisu na iya sauya yadda lantarki ke ratsa su. Kaurin kowace shimfiɗa bai wuce ƴan nanomita ba, kuma nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyar na mita. A gwajin Fert, turjiyar lantarki ta ragu da kusan rabi, amma cikin sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri.

Dalili kuwa shi ne elektoron, ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, iri biyu ne ta fuskar maganaɗisu. In shimfiɗun ƙarfen suna fuskantar gefe guda, iri ɗaya na wucewa salin alin. In sun saɓa, duka biyun na cin karo, lantarki ya ragu. Yawancin wannan tankaɗe a mahaɗar ƙarafan biyu yake faruwa, shi ya sa ingancinta ke da nauyi.

Idan ƙarafan suka cakuɗe a mahaɗa, maganaɗisun wurin na raunana, tankaɗen ya lalace. Idan ƙaramin rami ya huda shimfiɗar tsakiya, ƙarfen sama da na ƙasa na manne wa juna, su daina saɓawa. Gargada ma na jawo irin wannan: tun 1962 Bafaranshe Louis Néel ya bayyana yadda fuska mai kama da ɓawon lemu ke tilasta wa shimfiɗu biyu fuskantar gefe guda. Sai dai ba kullum santsi ne alheri ba, domin wasu gwaje-gwaje kan baƙin ƙarfe da kurom sun nuna ƴar gargada na iya ƙara tasirin.

Stuart Parkin, wanda a lokacin yake kamfanin IBM a Amurka, ya fito da nauyin mahaɗar fili. A 1991 ya samu sauyin kashi 65 cikin 100 da kobal da jan ƙarfe, cikin yanayin ɗaki. A 1993 ya nuna cewa shafa kobal mai kaurin ƴan ƙwayoyin zarra a mahaɗa kaɗai na haɓaka tasirin sosai. A 1997 IBM ya fitar da faifan farko mai wannan fasaha, mai ɗaukar jiga 16,8.

Daga nan faifai suka yi ta ƙaruwa da girman ciki, farashin ajiya na sauka. Daga baya an koma wata dabara mai shimfiɗar da ba ta wuce da lantarki a tsakiya, amma sharaɗin bai sauya ba: in mahaɗa ta ɓaci, kan ba zai iya bambanta sifiri da ɗaya a kan faifai ba.