Yadda Madubi Ke Haɗa Hoto

Madubi ba shi da hasken kansa. Ka shiga da shi ɗaki mai duhu ƙirin, babu abin da zai nuna maka. Aikinsa kawai ya karɓi hasken da ya faɗo masa ya mayar, kuma daga yadda yake mayarwar ne hoto ke fitowa. Saboda haka sai mu fara daga ido. Muna ganin abu ne idan hasken rana ko na fitila ya sauka a kansa, ya taso daga jikinsa ya shiga idonmu. Wasu masanan Girka na zamanin da sun ɗauka ido ne ke fitar da haske ya taɓo abin da ake kallo. Hasan bin Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, shi ya kafa hujja da gwaji cewa haske shigowa ido yake yi. Littafinsa Kitabul Manazir juzu'i bakwai ne, kuma uku daga ciki a kan madubai suke magana.

To, ai farin bango ma yana mayar da haske, me ya hana shi nuna fuska? Kaushi ne ya hana shi. Ko bangon da ya sha fenti, idan aka duba da kyau cike yake da ƙananan tudu da kwari, sai hasken da ya faɗa masa ya watse ta ko'ina. Fuskar madubi kuwa sumul take, haske na barinta a jere yadda ya zo. Gilashin da muke taɓawa kariya ce kawai. Mai aikin shi ne siririn shafen azurfa ko alminiyam da ke bayansa. Dabarar shafa azurfar kuwa wani Bajamushe masanin sinadarai, Justus von Liebig, ne ya fito da ita a 1835.

Doka ɗaya ce duk madubin duniya ke bi. Ka ɗauka an kafa wani layi tsaye cak a daidai wurin da zaren haske ya taɓa madubi. Gwargwadon karkatar da zaren ya yi daga wannan layi da ya zo, haka zai karkata ta ɗaya gefen idan zai tafi, kamar ƙwallon da aka buga wa bango a karkace. Wanda ya zo kai tsaye kuma ta hanyar da ya zo zai koma. Duk wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin ba zai ba shi wahala ba.

Mu fara da shimfiɗaɗɗen madubi, irin na jikin bango. Haske na tashi daga kan hancinka ta fuskoki da yawa, zarurruka suna ƙara nisa da juna. Suna dukan madubi, kowanne ya dawo bisa doka, wasu su shiga idonka. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ta saba da cewa haske a miƙe yake tafiya, ba ta san an juyo shi ba. Sai ta bi sawun zarurrukan a miƙe, ta ga kamar a wani wuri can bayan madubi suka haɗu. A nan take ajiye hancin. Idan kana mita ɗaya a gaban madubi, hotonka na mita ɗaya a bayansa, girmanku ɗaya, kuma a tsaye. Amma babu zaren haske ko ɗaya da ya ratsa zuwa can. Ka kai farar takarda bayan madubin, ba za ta kama komai ba. Irin wannan hoto na gani ne kawai.

Akwai abin da ke rikita mutane a nan, har da ɗaliban kimiyya. Ana cewa madubi na mayar da dama hagu. Ka tsaya gabansa kana fuskantar arewa, ka nuna gabas da hannu, za ka ga hotonka ma gabas yake nunawa. Ka nuna sama, shi ma sama. Sai ka nuna madubin kansa, sannan hoton zai nuno ka. Ashe gaba da baya madubi ke juyawa. Mu ne muke raya wa kanmu cewa wani mutum ne ya zagaya ya fuskance mu, har muke kiran hannunsa na ɓangaren damarmu hagu. Wannan juyin ne ya sa ake rubuta sunan motar asibiti a birkice a goshinta, don direban da ke gaba ya karanta daidai a madubinsa ya ba da hanya.

Wani lissafin da dokar ke bayarwa zai amfani mai sayen madubin ɗaki. Don ka ga jikinka tun daga kai har ƙafa, madubi mai rabin tsayinka ya ishe ka. Mai tsayin santimita 160, madubi mai santimita 80 zai wadatar da shi, muddin an rataye shi yadda bakinsa na sama ya zo daidai rabin tazarar da ke tsakanin ido da tsakar ka. Ja da baya ba ya ƙara komai, matsowa ma ba ta ragewa.

Idan aka lanƙwasa madubi, dokar na nan yadda take. Abin da ya sauya shi ne kowane ɗan wuri a fuskar madubin yana kallon wata fuska dabam, don haka layin nan tsayayye yana karkata daga wuri zuwa wuri. Cokalin ƙarfe mai sheƙi ya isa gwaji, domin cikinsa madubi ne mai kwarmi, bayansa kuma madubi mai doro.

Mai kwarmi tattara haske yake yi. Zarurrukan da suka zo a jere daga nesa, irin na rana, suna dawowa su haɗu a ɗigo ɗaya a gabansa, wato matattarar haske. Idan madubin yanki ne na ƙwallo mai santimita 60 daga tsakiya zuwa baki, matattarar na wajen santimita 30 daga fuskarsa, rabi ke nan. Hoton da za ka gani ya danganta da inda abu yake. Idan yana nesa, zarurrukan na haɗuwa da gaske su gitta juna, na sama ya koma ƙasa, sai hoton ya fito ƙarami, kai a ƙasa. Shi ya sa kake ganin fuskarka a kife cikin cokali. Wannan hoto na zahiri ne, ana iya kama shi. Ka fuskantar da madubi mai kwarmi ga taga, ka riƙe farar takarda a gabansa ta ɗan gefe kana matsar da ita, za ka ga tagar ta zauna kan takarda a kife. Abu na ƙara matsowa, hoton na ƙara girma, har yanzu a kife. Da zarar ya wuce matattara ya shigo ciki, zarurrukan ba sa samun haɗuwa, sai hoton ya miƙe tsaye, ya yi girma, ya koma bayan madubi. Gwada da bakin biro: ka kai shi sannu a hankali cikin cokali har ya kusa taɓawa, za ka ga lokacin da ya juye. A wannan tazarar madubin kwalliya mai ƙara girman fuska ke aiki.

Ana kuma juya aikin. Idan aka sa ƙwan fitila a matattara, haske zai fita a jere ya yi nisa, abin da ke faruwa ke nan a tocila. Manyan na'urorin hangen taurari ma madubi mai kwarmi ne zuciyarsu, tun daga wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668 har zuwa James Webb da aka harba a Disambar 2021, mai madubi faɗin mita 6.5. Aikin yana son tsantseni ƙwarai. Madubin na'urar Hubble da aka harba sararin samaniya, mai faɗin mita 2.4, kuskuren lanƙwasarsa bai kai kaurin silin gashi ba, amma hotunansa sun yi ta fitowa dishi-dishi daga 1990 har aka je aka gyara a 1993.

Mai doro sha'aninsa ya fi sauƙi. Baza haske yake yi, don haka ko ina abu yake, hotonsa ƙarami ne, a tsaye, a bayan madubi. Ribarsa ita ce yana ɗebo fili mai faɗi, shi ya sa ake kafa shi a kusurwar kanti, da muguwar kwana, da gefen mota. Amma ribar na da farashi. Ido ya saba auna nisa da girman abu, sai ƙaramin hoton ya sa tirela da ke dab da kai ta yi kamar tana can nesa. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka ma akwai gargaɗin haka rubuce a madubin ɓangaren fasinja. Don haka direba, kafin ka sauya layi, ka haɗa da madubin tsakiya, ka kuma ɗan waiga. Masu babur da ke cire madubi wai don ado kuwa, don Allah su mayar da shi.