Rigakafi a Kano: Sai da Yardar Iyaye

A birni kamar Kano, kawo maganin rigakafi bai kai samun yardar iyaye wuya ba. A 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa jita-jitar yana hana haihuwa, kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta tsallaka wasu ƙasashe. Wasu za su ce jahilci ne, amma waɗanda suka shaida gwajin maganin Trovan kan yara lokacin sanƙarau na 1996 suna da dalilin ɗari-ɗari. Lamarin ya sauya ne da sarakuna da malamai suka sa baki, matan unguwa kuma suka riƙa shiga har tsakar gida da akwatin sanyi, su ɗiga wa yaro ɗigo biyu, su shafa masa tawada a ƙaramin yatsa.