Ƙasa ma takarda ce: mu koyi karatun sawu



Kun koyi baƙaƙe, kun san kowane da kamarsa. Sawun namun daji ma haka yake. Dabba ta wuce da dare, ta bar rubutunta bisa rairai. Wanda ya iya karanta shi, shina tsare garkensa, shina tsare ƙafarsa.

Ku fita da sassafe. Lokacin nan rana tana ƙasa, inuwa tana fito da sawu sosai, iska kuma ba ta shafe shi ba. Sabon sawu bakinsa da kaifi. Tsohon sawu bakinsa ya zube, ƙwari sun bi ta kansa.

Mu fara da masu cin bisashe. Sawun dila kamar na ƙaramin kare yake: yatsu 4, da alamar akaifa gaban kowane. Kyanwar daji ita ma yatsu 4 gare ta, amma tana ɓoye akaifunta in tana tafiya, ba a ganinsu. Kura kuwa, sawunta na gaba ya fi na baya girma. Kashinta in ya bushe fari ne, don tana cin ƙashi. In kun ga sawun dila kusa da garke, ku tara ɗiyan awaki da na tumaki wuri guda kafin dare.

Sai maciji. Mafi yawansu suna barin layi guda mai lanƙwasa. Amma akwai mai ƙaho na cikin hamada, wanda ke tafiya a karkace. Sawunsa guntayen layuka ne a jere, ba su haɗe ba. Shina binne jikinsa cikin rairai, kuma dafi gare shi. Inda sawun ya ƙare, kada ku taka, kada ku sa hannu.

Sai barewa. Kofatonta ƙarami ne, mai tsini a gaba. Na akuya ya fi faɗi, ba shi da tsini. Tsinin shi ke nuna inda ta nufa.

Akwai sawun da ba mu gani yanzu cikin daji: na jimina, mai yatsu 2, babba da ƙarami. Farauta ta ƙare ta. Yau a Kelle, cikin jahar Damagaram, ana kiwonta don kada irinta ya ɓace. Saboda irin wannan asara aka keɓe gandun Ayar da Tenere a 1988, da na Termit da Tin Tumma a 2012. In kun ga sawun mota shina bin sawun barewa, ku shaida ma ma'aikatan gandun daji.

In kun taru wurin karatu, kowa ya zana sawu guda a ƙasa, ya rubuta sunan dabbar kusa da shi. Ku kira tsofaffi su duba, su gyara muku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.