Masu Kwana A Bakin Tarho Don Sauraren Waɗanda Aka Zalunta

Akwai wani aiki da ba a biyan mai yin sa ko kwabo, ba a ganin fuskarsa, sau da yawa ma ba ya sanin inda maganar da aka soma da shi ta kwana. Wannan shi ne aikin 'yan sa kai masu zama a bakin wayar tarho dare da rana, suna jiran kiran matar da mijinta ya lakaɗa wa duka, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe ta rasa wanda za ta gaya wa.

Asalin abin daga Ingila ne. A shekarar 1935 wani limamin coci mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ta kashe kanta don ta ga jinin al'ada, ta zaci mugun ciwo ne ya kama ta, ba ta kuwa da wanda za ta tambaya. Abin bai bar zuciyarsa ba, har a 1953 ya sa tarho a cocinsa da ke Landan, ya ce duk wanda duniya ta yi wa zafi ya kira. Sai ya lura da wani abu. Mutanen da ke taya masu jiran ganinsa hira, suna ba su shayi, sukan sanyaya musu rai har wasu su koma gida ba tare da sun gan shi ba. Daga nan ya miƙa musu aikin, ƙungiyar Samaritans ta kafu. Matan Amurka suka ɗauki wannan dabara, suka buɗe layin waɗanda aka yi wa fyaɗe a birnin Washington a 1972.

A nan gida an daɗe kafin a farga. Sai a 2013 aka buɗe cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na Jihar Ikko da ke Ikeja, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta. Daga baya aka sami irinta a Arewa, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna. A 2015 kuma aka sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta yarda cewa namiji ma ana iya yi masa fyaɗe. Duk da haka binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan da aka ci wa zarafi ba su taɓa neman taimako ba.

To, me mai ɗaukar waya ke yi? Mai karatu zai zaci shawara ake koya masa. A'a, abin da ya fi wuya a horon shi ne kame baki. Mu dai mun saba, in mace ta kawo kuka, kalmar da ke kan harshenmu ita ce "yi haƙuri". Haƙuri hali ne na ƙwarai, babu mai musu. Amma wadda ta kira da ƙarfe biyun dare ta riga ta ji wannan kalma daga uwarta da gwaggonta da maƙwabta, kuma a kunnenta ma'anarta ita ce "koma ki yi shiru". Saboda haka ake hana ɗan sa kai faɗinta. Haka nan ba ya tambayar "me ya kai ki ɗakinsa?" ko "me kika yi masa?", domin tambaya irin wannan tuhuma ce. Abin da zai fara cewa shi ne: "Baiwar Allah, inda kike yanzu, akwai abin da zai same ki?" Sa'an nan: "Na yarda da maganarki. Ba laifinki ba ne."

Ba ya kuma yanke mata hukunci, ko da ransa na tafasa. Ba zai ce ta fita daga gidan yau ba, gama masu wannan aiki sun sani lokacin da mace ke shirin barin mai dukanta yana daga cikin lokutan da ranta ya fi shiga haɗari. Sai dai su tsara tare: gidan wa za ta dosa, ina za ta ajiye kuɗin mota da takardun yara, wace maƙwabciya za ta ji ihunta. Ba a kuma sake kiran lambarta sai da izininta, don ba a san hannun da zai ɗauka ba. Dalilin duka shi ne, wanda ya zalunce ta ikon kanta ya ƙwace mata. In mai taimako ma ya shiga ba ta umarni, ya bi sahun azzalumin ke nan.

Wuri ɗaya ne ɗan sa kai ba ya jan kafa, wato batun asibiti. Maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga cutar ƙanjamau dole a fara shan sa cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa ba ya wuce kwana biyar. Yakan kuma gaya mata cewa in za ta iya, kada ta yi wanka ko ta wanke tufafin kafin likita ya duba ta, ko da yake abin da jikinta ya fi so ke nan. Iyaye da yawa, don gudun abin kunya, sukan ɓata kwanakin nan uku ana sulhu a zaure.

Shi ma mai sauraren ba dutse ba ne. Wanda ya kwana yana jin irin waɗannan labarai yakan rasa barci, wani ya koma zargin kowa. Don haka cibiyoyin kirki ke iyakance sa'o'in aikinsa, su kuma ba shi babba wanda zai sauke wa nauyin, tun da an hana shi kai sirrin mutane gida. Abin da ya fi ci musu rai shi ne kiran da ke yankewa. Mace na magana ƙasa-ƙasa, sai a ji an buɗe ƙofa, sai shiru. Mai ɗaukar wayar ba shi da ikon bin sawu. Sai ya rubuta lokacin a littafi, ya gaya wa wanda zai karɓe shi da safe, ko za ta sake kira.