Lamba ta Huɗu: Yadda Kwamfuta Ke Ɓoye Gefen Hoto

A gindin allon kwamfuta akwai wani siririn layi inda ƙananan alamomi suke jere, kamar ta agogo da ta batir da ta sauti. A haƙiƙa kowace alama hoto ce mai kusurwa huɗu, amma ido ba ya ganin kusurwoyin. Alal misali, ɗalibi a Birnin Kebbi zai iya zana giwan ruwa irin wanda masunta ke kamawa a gasar Argungu, ya ɗora shi a wannan layi, sai ya tarar kifin yana zaune cikin farin akwati da ya rufe launin layin.

Sirrin yana cikin ɗigon hoto. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku, na ja da kore da shuɗi. A ƙarshen shekarun 1970, Ed Catmull da Alvy Ray Smith a Amurka suka ƙara ta huɗu, wato alfa, wadda ke nuna yadda ɗigo zai tsare abin da ke bayansa. Idan sifili ce, ba a ganin ɗigon sam. Idan 255 ce, ya rufe bayansa ruf. Tsakaninsu kuwa, na'ura tana gauraya launin gaba da na baya gwargwadon lambar, bisa lissafin da Thomas Porter da Tom Duff suka tsara a 1984.

Tsarin GIF na 1989 launi ɗaya tak yake iya ɓatarwa, shi ya sa gefen kifin kan fito kamar haƙoran zarto. Tsarin PNG na 1996 ya zo da matakai 256, don haka ƙayar kifin da jelarsa sukan saje da layin sumul.