Shirya BAC a gida: yadda ɗalibi mai zaman kansa zai tsara shekararsa ta karatu

Duk shekara idan aka bayyana sakamakon jarrabawar BAC a cibiyoyin birnin Yamai, wasu gidaje na guɗa, wasu kuma na shiga tunanin inda za a dosa. Ɗalibin da ya faɗi ba kullum yake samun damar komawa aji a lise ta gwamnati ba, kuɗin makaranta mai zaman kanta kuma yakan fi ƙarfin iyaye. Akwai matar auren da karatunta ya tsaya a ajin ƙarshe, akwai ma'aikacin da rashin wannan takarda ya hana shi ƙarin girma, akwai kuma yaran da rashin tsaro ya rufe makarantunsu a jihar Tillaberi suka dawo Yamai wajen dangi. Ga dukansu ƙofa ɗaya na buɗe: su yi karatu a gida, su shiga jarrabawa a matsayin masu zaman kansu, wato waɗanda ake kira “candidat libre” da faransanci.

Tambayoyin da za a ba su daidai suke da na ƴan makaranta, takardar da za su samu ma iri ɗaya ce. Bambancin shi ne a gida babu ƙararrawar shiga aji, babu malamin da zai raba darussa bisa watanni, babu mai kiran suna da safe. Wannan aiki duka ya dawo kan ɗalibi da iyayensa, kuma a watan Oktoba ya kamata a yi shi, ba a watan Mayu ba.

Yadda ake auna karatu a nan da wasu ƙasashe

A ƙasarmu yaro na yin shekaru 6 a firamare, 4 a kwaleji inda yake ƙarewa da BEPC, sannan 3 a lise: seconde, première da terminale. BAC ce ke rufe wannan tafiya, ita ce kuma ke buɗe ƙofar jami'a, kamar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Mun gaji jarrabawar daga Faransa, inda aka ƙirƙiro ta a 1808 zamanin Napoleon. Hukumar OBEECS ce ke shirya ta a Nijar.

A Amurka, inda doka ta yarda da karatun gida a dukan jihohin ƙasar 50, lissafin daban yake. Can suna tara abin da suke kira “kiredit”. Tun 1906 aka ɗauki kimanin awa 120 na karatun darasi ɗaya a shekara a matsayin kiredit guda, iyaye kuma na rubuta abin da yaro ya kammala shekara bayan shekara har ya cika adadin da ake so. A Faransa, dokar watan Agusta na 2021 ta sa sai an nemi izinin hukuma kafin a koyar da yaro a gida. A makwabciyarmu Najeriya, hukumomin WAEC da NECO na shirya zama na musamman don masu zaman kansu, kuma jami'o'i na neman kyakkyawan sakamako a darussa 5, ciki har da Ingilishi da lissafi.

A tsarinmu ba a tara komai a ajiye. Makin da ɗalibi ya samu a gida, ko da malami ne ya ba shi, ba ya shiga lissafin BAC. Ƴan kwanakin jarrabawa ne ke yanke hukuncin shekara guda. Abin da ke tsaye a madadin kiredit a wajenmu shi ne “kowefisiyan”, wato nauyin da aka ba kowane darasi. Daga nan ya kamata tsarin shekara ya fara.

Nauyin darasi ne ke raba awoyi

Ana ba kowane darasi maki bisa 20, sai a ninka shi da nauyinsa, a tara duka, a raba da jimillar nauyin. Wanda ya kai 10 bisa 20 ya ci. Wanda ya kusa kai wa ana ba shi damar zagaye na biyu. Daga 12 ana samun yabon “assez bien”, daga 14 “bien”, daga 16 “très bien”.

Ga misali da darussa biyu kawai. A ce ɗaya nauyinsa 2 ne, ɗayan 5. Ɗalibi na farko ya samu 16 a ƙaramin, 7 a babban: 32 da 35, jimilla 67, a raba da 7, ya tashi da 9,57. Bai kai ba. Na biyu ya samu 8 a ƙaramin, 11 a babban: 16 da 55, jimilla 71, ya tashi da 10,14. Ya wuce. A ido na farkon ya fi kyawun maki, amma na biyun ne ya zuba ƙarfinsa inda ma'auni ya fi nauyi.

Nauyin ya danganta da sashen da aka zaɓa, wato “seri”. A seri A4 falsafa, faransanci, tarihi da labarin ƙasa da harsuna ne ke kan gaba. A seri D ilimin halittu da ƙasa da ake kira SVT, fizik da shimi, da lissafi ne manya. A seri C lissafi da fizik sun fi komai. Akwai kuma sassan fasaha da na kasuwanci, da na masu karatun faransanci da larabci. Abu na farko ke nan da ɗalibi zai nema: jerin nauyin darussan serinsa na shekarar da zai yi jarrabawa, daga hukumar jarrabawa ko daga daraktan wata lise, tare da manhajar hukuma ta ajin terminale.

Wanda ya taɓa yin BAC yana da wata takarda mai amfani a hannunsa, takardar makinsa ta bara. Ya ninka kowane maki da nauyinsa, zai ga da idonsa darasin da ya kayar da shi. Canza seri kuma ba abin gaggawa ba ne. Mai barin D ya koma A4 don gudun lissafi zai tarar da dogon rubutun falsafa da na faransanci suna jiransa, su ma sai da horo.

Lissafin makonni da awoyi

Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Yuni akwai makonni kusan 39. Kada a lissafa da su duka. A cire na salla, na rashin lafiya, na biki da rasuwa, a kuma tuna cewa karatu na raguwa a watan azumi, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Idan aka tsaya a makonni 32 na aiki sosai, an yi lissafin gaskiya.

A ce jimillar nauyin darussan ɗalibi 25 ce. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowane nauyi ɗaya awa ɗaya a mako. Darasi mai nauyin 5 ya samu awa 5, mai nauyin 2 ya samu awa 2. Jimilla awa 25 ke nan, wato awa 5 a rana daga Litinin zuwa Juma'a, a bar Asabar don gwaji, Lahadi don hutu. A makonni 32 hakan ya ba da awa 800, babban darasi kuma ya samu awa 160, fiye da abin da Amurkawa ke lissafawa a kiredit guda. Mai irin wannan jimilla yana buƙatar maki 250 kafin ya ci, don haka tun farko ya rubuta makin da yake fata a kowane darasi, ya ga ko sun kai.

Wanda ke aiki ko ke da hidimar gida ba zai samu awa 25 ba. Idan 15 gare shi, sai ya raba su bisa wannan ma'auni, ya kuma ƙara wa babban darasin da ya fi ba shi wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗalibi ya riƙa komawa darasin da yake jin daɗinsa, ya bar wanda ke ba shi tsoro har lokaci ya ƙure.

Shekarar na iya kasuwa huɗu. Oktoba da Nuwamba: a toshe giɓin ajin première, domin darussan terminale a kansa aka gina su, a kuma fara sabuwar manhaja. Disamba zuwa Maris: yawancinsa lokacin sanyi ne, jiki na ɗaukar karatu, a nan ya kamata a cinye mafi yawan manhajar. Afrilu da Mayu: zafin Yamai na haura digiri 40, ga yankewar wuta, sai a maida karatu mai nauyi bayan sallar asuba, a duƙufa kan tsofaffin tambayoyin BAC da ake sayarwa a littattafan “annales”. Yuni: bita da jarrabawar gwaji, da agogo a gaba, ba tare da buɗe littafi ba.

Kalandar hukuma ma na iya motsawa. A 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantu a watan Maris. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Mai karatu a gida ba sai ya jira an buɗe aji ba, amma dole ya kasa kunne ga sanarwar ranakun jarrabawa.

Takardu kafin komai

Ɗalibin makaranta, hukumar makarantarsa ce ke haɗa masa takardun rajista. Mai zaman kansa shi zai bi sahun nasa. Ana rufe rajista watanni kafin jarrabawa, wanda ya makara kuwa sai baɗi. Tun Oktoba a je a tambayi sharuɗɗan shekarar da kuɗin rajistar masu zaman kansu, a tanadi takardar haihuwa ko takardar kotu da ke madadinta, da shaidar BEPC, da hotuna, da katin shaida.

A duba rubutun suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta BEPC ta ce Mamadou, gyaran na iya cin makonni. Akwai kuma jarrabawar motsa jiki da ake yi kafin ta rubutu. Mai lalurar da za ta hana shi, ko mai juna biyu, su nemi takardar likita da wuri.

Mai gyara da abokan karatu

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantun zaure ɗalibi na sauke Ahalari ya shiga Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, littafi bayan littafi. Amma ko a can akwai malamin da ke saurare yana gyara. Haka nan ma. Ɗalibi na iya duba amsar lissafi a bayan littafi, amma ba zai iya auna rubutunsa na falsafa ko na faransanci da kansa ba. Idan kuɗin ɗaukar malami a kowane darasi ya yi yawa, a nemi wanda zai gyara takarda ɗaya ko biyu a wata a manyan darussa, da irin tsananin da ake gyara BAC. Darussan yamma da wasu makarantu ke shiryawa na cike wannan giɓi, ɗalibai uku ko huɗu kuma na iya haɗa kuɗi su ɗauki malami guda.

Allon da ake shafa wa baƙin fenti a bangon ƙofar gida, inda ƴan terminale ke taruwa da dare da alli a hannu, ya fitar da ɗalibai da yawa a unguwannin Yamai. Mai zaman kansa ya nemi irin wannan rukuni da ƴan makaranta a ciki, don ta bakinsu zai san inda malamai suka kai a manhaja. Sharaɗi ɗaya ne: kada rukunin ya rikiɗe ya zama fadar shayi. Wayar salula ma haka take, akwai darussa a intanet, amma da yawansu na bin manhajar Faransa ce ko ta wata ƙasa, sai an gwada su da ta Nijar.

Rawar iyaye da mazaje

Ba sai uba ya iya fizik ba kafin ya taimaka. Abin da ake so daga gida shi ne a ɗauki awoyin karatu kamar awoyin makaranta. Yarinyar da ke gida ita ake fara aike, ita ke girki da raino, har ranar ta ƙare ba ta buɗe littafi ba. Saurayi kuma a ce ya je ya tsare shago tunda “ba ya zuwa lakwal”. Idan an amince da awa 5, a bar masa awa 5 ɗin.

A sayi littafin rubutu guda a maida shi rajista: kwanan wata, darasi, babin da aka karanta, awoyin da aka yi, makin gwajin Asabar. Duk ƙarshen wata a zauna a duba tare. Idan Janairu ta ƙare ba a kai rabin manhajar manyan darussa ba, akwai sauran lokacin ƙara awoyi ko neman malami. Idan sai a Mayu aka gano, gyaran ya yi wuya, kuɗin rajista da wahalar shekara kuma sun riga sun tafi.