Kasuwar gidaje a ƙasar Arewa: damana ke yanka kuɗi

A Dogon Dutsi da Tibiri babu ofishin da ke liƙa kuɗin gidaje a kan allo. Cinikin fili da hayar ɗaki a zaure ake yin su, tsakanin mai abu da mai so da dillali. Amma kasuwar tana da lokutanta kamar kasuwar hatsi. Tana hawa, tana sauka, kuma wanda ya san tafiyarta cikin shekara ba ya saurin asara.

Shekarar kasuwar gidaje da kaka take farawa. Idan damana ta yi kyau, gero da wake suka shiga rumbu, magidanci yakan sayar da rarar wake ya sayi kwano, ko ya ƙara ɗaki don ɗansa da zai yi aure. Masu neman fili su yi yawa, kuɗinsa ya ɗaga. Idan kuwa damana ta ƙi, masu sayarwa ne ke yawa. Manomin da gonarsa ke gefen gari yakan yanki wani sashe ya sayar don ya ciyar da iyali, kuma mai sayarwa da yunwa ba ya jan ciniki. A irin wannan shekara ne filaye ke barin hannun manoma su koma hannun ƴan kasuwa.

Cikin watan Oktoba kuma makarantu ke buɗewa. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sauran ma'aikatan da aka sauya wa wurin aiki suna isowa da iyalansu. Ɗalibai na zuwa daga ƙauyuka neman masauki. A wannan wata ɗakin haya ke wuyar samu. Gidan siminti mai lantarki da famfo shi ake fara kamawa, mai gida kuma ya san haka.

Daga ɗari zuwa rani lokacin gini ne. Ana buga tubali a bakin tabki tun ruwa bai ƙafe ba, amalanken jakuna na kai shi cikin gari. Magina ba sa zama. Masu lambun dankalin turawa na Dutsi sun sami kuɗi. Samarin da suka tafi biɗa Yamai, Sakkwato, Legas ko Kwatano suna aiko da abin da suka tara, don gini ya kai rufi kafin su dawo shuka. Da ruwan farko ya sauka, gini ya tsaya, kowa ya nufi gona. Daga nan damana ce ke gwada aikin magina. Katangar ƙasa da ba a yaɓe ba ta zube, soron da ba a gyara indararonsa ba ya yi yoyo.

Wannan ita ce tafiyar shekara guda. Idan aka jera shekaru kuma, za a ga abubuwa uku da suka sauya kasuwar.

Na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami wajen mutum 14.600 a garin Dogon Dutsi. A 1988 sun kai 20.400, a 2001 sun kai 29.200, a 2012 kuwa sun kusa 37.000. Cikin shekara 35 garin ya ninka fiye da sau biyu. Ga shi a kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, duwatsu kuma sun tare shi ta wani gefe. Dole ya miƙe cikin gonaki.

Na biyu shi ne tsarin mulki. Tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, yankan filaye ya zama babbar hanyar samun kuɗi ga ma'aikatar magajin gari. A 2011 aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi, ta zama gunduma mai parfe nata, tare da Kore Mairuwa da Dumega da Geceme. Duk garin da ya sami parfe yana samun ofisoshi, ofisoshi kuma suna kawo ƴan haya.

Na uku shi ne iyaka. Ƙasar Arewa na maƙwabtaka da Najeriya, kuma kayan gini da yawa daga can suke shigowa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta bayan takunkumin Sedeyawo na ƙarshen Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, kaya sun yi tsada, gine-gine da dama sun tsaya a rabi. Faɗuwar naira tun 2023 ita ma kaifi biyu gare ta. Mai sefa a hannu yana sayen kayan Najeriya da sauƙi. Amma ɗan biɗa da ya yi rani a Legas, in ya canza nairarsa, sai ya ga abin da a da ke rufe ɗaki yanzu bai kai ba.

Ambaliya ta ƙara tura mutane wajen siminti. A 2020 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar. A 2024 ya shafi mutum fiye da miliyan 1,5 a faɗin ƙasa, galibin gidajen da suka rushe kuma na ƙasa ne. A watan Oktoba na shekarar gwamnati ta rage kuɗin siminti da kashi 35 cikin 100. Sai dai siminti ba ya hana ruwa bin hanyarsa. A Dutsi ruwa na gangarowa daga duwatsu ya bi ƙoramu zuwa tabki. Filin da ke kan wannan hanya da rani yana da kyau, yana da araha, dillali kuma da rani yake nuna shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Sauran haɗarin a takarda yake. Fili ɗaya akan sayar wa mutum biyu. Gonar gado akan sayar ba da sanin sauran magada ba, sai gini ya tashi rigima ta taso. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, don a rubuta ciniki a gaban shaidu da mai gari. Fili na cikin gari kuwa takardar mallakarsa daga ma'aikatar magajin gari take fitowa. Duk wanda ya yi yaƙi da jahilci zai iya karanta sunansa da lambar filinsa da kansa, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Saboda haka mai son sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta, sa'ad da ruwa ke nuna gaskiyar ƙasa. Ya tambayi dattawan unguwa, ya nemi yardar magada duka, kada ya miƙa kuɗi sai takarda na hannu. Mai haya da mai gida su rubuta yarjejeniyarsu, ko da cikin Hausa ne. Manomi kuma ya yi tunani kafin ya yanki gonarsa a shekarar yunwa, domin kuɗin fili wata kaɗan suke yi, gona kuwa ita ke ciyar da jikoki. Ma'aikatan da ke yankan filaye su ma da nasu nauyi: su ware hanyar ruwa tun a kan taswira, kafin a kafa turaku. Allah ya ba da damana mai albarka.